Ta yaya zan gane ingancin robar da aka sake sarrafawa kafin in zuba mata ruwan sha?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfanin ruwan gora da lemo a Kano. Firifom, wato ɗan bututun robar da ake hurawa ya zama gora, ya yi tsada ƙwarai, sai wani dillali ya kawo mini samfur mai rahusa, ya ce da robar da aka sake sarrafawa aka buga shi, kuma an wanke ta da ruwan zafi da soda. Ya ce in ina so ma zai riƙa kawo mini ɓarzajjiyar robar, ni in kai wa masu inji su buga mini. A ido dai fes take. Ta yaya zan gane mai kyau, kuma babu illa idan na zuba abin sha a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Tambayoyi biyu ka haɗa, kuma gara mu raba su tun da wuri, domin yawancin ɓarnar da ake yi a wannan harka daga cakuɗa su take tasowa. Ta farko, shin robar nan za ta ba da gora mai ƙwari, garau, wadda ba za ta fashe a bayan mota ba? Ta biyu, shin ta cancanci a zuba mata abin da ɗan Adam zai sha? Ta farkon kana iya gano kaso mai tsoka na amsarta da kanka, da bokitin ruwa da sikeli da obin. Ta biyun kuwa ido ba ya ganinta, hanci ba ya jinta, ko ɗakin gwaje-gwaje ma ba ya yanke mata hukunci da samfur ɗaya. A nan masana'antar da ta sarrafa robar ake bincika, da irin na'urar da robar ta bi ta ciki. Don haka ka riƙe wannan tun yanzu: ɓarzar da aka wanke da ruwan zafi da soda kawai, komai ƙyallinta, ba robar abinci ba ce. Kada ka yarda a buga maka firifom ɗin abin sha da ita.

Gorar ruwa da ta lemo da robar PET ake yin su, mai lamba 1 a cikin alamar nan mai kusurwa uku da ke gindin gora. Idan an tattaro ta daga hannun jama'a aka sake sarrafawa sai a ce mata rPET. Murfi da zoben wuya wata roba ce daban, HDPE ko PP, haka ma ledar fiyawota, ba ta cikin wannan lissafi. Akwai kuma ragowar masana'anta, wato firifom da ya lalace a inji aka niƙa aka mayar. Wannan bai taɓa fita kasuwa ba, an san tarihinsa. Wadda dillalinka yake tallatawa ita ce wadda ta zaga gari ta dawo.

Mu fara da baƙin da ke cikin buhu, wato duk abin da ba PET ba. Murafu ba su da wuyar sha'ani, don ba su kai ruwa nauyi ba. Idan aka ce nauyin ruwa 1 ne, na PP wajen 0.90 ne, na HDPE wajen 0.95, na PET kuwa kusan 1.38. Shi ya sa a wurin wanki ake zuba ɓarza a tankin ruwa, murafu su taso a kwashe, PET ta nutse. Matsalar ita ce wata roba da ake kira PVC, wadda nauyinta ya yi kusa da na PET, tare suke nutsewa, kuma idan an ɓarza su duk farare ne garau, ido ba ya raba su.

PET tana narkewa a wajen digiri 250 a ma'aunin Salsiyos, injin buga firifom kuma yana aiki tsakanin 270 da 285. PVC ba ta jure wannan zafi ko kusa. Tun wajen digiri 200 take fara ƙonewa, tana sakin iska mai asid. Asid ɗin nan yana tsinka PET ɗin da ke kewaye da shi, yana cin ƙarfen inji da mol, wato ƙarfen da ke ba firifom siffarsa, yana barin ɗigo-ɗigon baƙi a jikin firifom, yana kuma mai da launin gora rawaya. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, a nan maganar ta zauna daram. Masu sayen ɓarza don yin gora ba sa karɓar PVC da ta haura ppm 50, masu tsanani ma ƙasa da 10 suke nema. Ppm 1 shi ne giram 1 a cikin tan 1. Ka lissafa: idan kowace gora giram 20 ce, tan ɗaya gora 50,000 ke nan, kuma giram 10 kacal na PVC aka yarda da shi a cikinsu duka. To a kasuwanninmu goruna da yawa suna sanye da rigar leda mai tsukewa da zafi, da hatimin murfi, waɗanda sau da yawa da PVC ake yin su saboda araha. Riguna kaɗan idan suka kuɓuce wa masu tsinta sun isa su ɓata tan guda. Ban da ɓata launi akwai abin da ya fi damuna. Masu bincike a Wageningen ta ƙasar Holan sun nuna cewa gurɓatar rPET da PVC tana da alaƙa da samuwar sinadarin benzin a jikin gora bayan an narka robar, kuma benzin yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Adadin da ake samu ƙanƙane ne, amma yana ƙaruwa gwargwadon dattin robar. Wato PVC ta wuce batun kyan gani, ta taɓo lafiya.

Kafin ka gwada komai sai ka iya ɗibar samfur, kuma a nan mutane da yawa suke yaudarar kansu. Ɓarza guda mai faɗin santimita ɗaya tana kai wajen miligiram 40. Idan ka samu guda ɗaya tak ta PVC a cikin kilo ɗaya, ka riga ka kai ppm 40. Ke nan wanda ya ɗebi tafin hannu ɗaya daga bakin buhu ya duba bai ga komai ba, bai gano komai ba. Ka ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, daga buhuna daban-daban na lodin da aka kawo, ka tara kilo da dama, ka cakuɗa. Kuma kai ne za ka ɗiba da hannunka ko yaronka, ba samfurin da aka zo maka da shi a leda ba. Ƙasan buhu ya fi faɗin gaskiya, can yashi da gari da guntayen ƙarfe suke taruwa.

Sai gwajin obin, wanda a ganina duk mai sayen ɓarza ya kamata ya iya. Ka shimfiɗa ɓarzar a faranti, kada ta yi tudu, ka sa a obin mai zafin digiri 200 zuwa 220 na kamar awa guda. Ba obin ɗin gasa burodi ko na gida ba, kuma a wuri mai iska, domin hayaƙin ba na shaƙa ba ne. PET mai kyau za ta rikiɗe ta yi fari kamar madara, wannan ba aibi ba ne, ɗabi'arta ce. PVC za ta yi baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu. Ragowar gam ɗin takardar jikin gora zai fito da tabon ruwan ƙasa. Gorunan da aka yi wa shafin nailan a tsakiya don tsare iska za su yi rawaya. Idan ka ga wasu sun narke sun manne da juna, akwai PETG ko wata roba mai saurin laushi, wadda za ta dunƙule a cikin na'urar busarwa ta toshe ta. Ka tsince baƙaƙen, ka auna su a ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinare, ka raba nauyinsu a miligiram da nauyin samfurin a kilo, ka samu ppm ɗinka. Wani ɓangaren samfurin ka zuba a ruwa ka motsa, ka kwashe abin da ya taso ka busar ka auna. Ka bi da maganaɗisu don ƙarfe, alminiyom kuwa sai da ido don maganaɗisu ba ya kama shi. Sannan ka jiƙa wani a ruwa mai tsabta ka tsoma takardar gwajin pH, wadda ke nuna ko akwai asid ko soda a ruwa. Idan ta nuna ruwan ya haura sosai sama da 7, ba a ɗauraye sodar da kyau ba, kuma ragowar soda tana lalata robar idan an narka ta. Danshi ma ka auna, ka ɗauki nauyi kafin busarwa da bayanta. Ɓarza mai kyau danshinta bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Abin da ya haura haka ruwa kake saya da kuɗin roba.

Duk wannan tsabta ce ta waje. Ƙarfin robar kuwa da ma'aunin da ake kira IV ake gane shi. PET dogayen sarƙoƙi ne na sinadari a cuɗe da juna, kamar igiyar rama: wadda aka tufka da dogayen zarurruka tana ɗaukar kaya, wadda aka tufka da guntaye tana tsinkewa ko da kaurinsu ɗaya. IV yana nuna tsawon sarƙoƙin. Ana narkar da ɗan samfur a wani sinadari a ɗakin gwaje-gwaje a auna kaurin ruwan, hanyar da aka fi bi ita ce ASTM D4603. Robar da ake yin zare da ita IV ɗinta wajen 0.60 zuwa 0.68 ne. Gorar ruwa tana son 0.72 zuwa 0.78. Gorar lemo mai gas tana son 0.80 zuwa 0.85, saboda matsin da ke cikinta. Duk lokacin da aka narka PET sarƙoƙin suna ɗan tsinkewa. Gorar da aka tsinto an riga an narka robarta sau ɗaya, ta sha rana a bola, za a sake narkawa a yi tsaba, wato ƙananan ƙwayoyin robar da ake zuba wa inji, a sake narkawa a buga firifom. Idan ba a yi wani abu na mayar da tsawon sarƙar ba, abin da zai iso hannunka bai kai na gora ba. Alamominsa a wurin aiki sanannu ne: firifom mai gautsi, gora mai bango wani wuri kauri wani wuri siriri, gindi mai tsagewa. Tunda kana yin lemo, ka tuna da zafin Kano a watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40. Matsin gas a cikin gora yana hauhawa da zafi, gorar da ta tsaya lafiya a sito da safe ita ce za ta fashe a bayan a-kori-kura da azahar.

Danshi yana da hannu dumu-dumu a nan. PET tana tsotsar laima daga iska, kuma idan aka narka ta da ruwa a jikinta, ruwan ne da kansa yake datse sarƙoƙin. Dole a busar da ita zuwa ƙasa da ppm 50 kafin ta shiga inji, yawanci a zafin digiri 160 zuwa 180 na awa 4 zuwa 6, da busasshiyar iska. Shanya a rana ba ta yin wannan aiki. Mai inji nagari bambancin IV tsakanin tsabar da ya zuba da firifom ɗin da ya fito bai cika wuce 0.02 zuwa 0.03 ba. Idan ka aika tsaba da firifom duka aka auna, za ka san ko laifin na robar ne ko na mai bugawa. Da damina a fi sa ido.

Launi kuma da na'ura ake auna shi, tana ba da lambobi uku, L da a da b. L haske ne, b kuma idan ya hau roba ta karkata zuwa rawaya. Duk rPET tana ɗan rage haske tana ɗan ƙara rawaya, wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Abin lura shi ne wasu suna zuba launin shuɗi don ɓoye rawayar, sai b ya yi kyau a takarda amma gora ta fito da duhu kamar toka. Don haka kada ka karɓi lambar b ita kaɗai, ka nemi L tare da ita. Firifom mai shuɗi sosai fiye da yadda aka saba, ka tambayi dalili.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. Roba ba kamar gilashi take ba. Idan aka zuba kalanzir ko fetur ko maganin ƙwari a gorar PET aka bar shi makonni, wani abu daga cikinsa yana ratsawa ya shige cikin naman robar. Wanki da soda mai kashi 1 zuwa 3 cikin 100 a ruwa mai zafin digiri 80 zuwa 90 yana cire gam da maiƙo da datti na sama, kuma aiki ne mai muhimmanci. Amma abin da ya shige ciki yana nan, kuma idan aka yi sabuwar gora zai riƙa fitowa a hankali yana shiga abin sha, musamman a zafi. Abin da ke fitar da shi shi ne mataki na gaba, inda ake riƙe robar a zafin wajen digiri 200 zuwa 220 na awanni, ba tare da ta narke ba, a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska ko ake hura wa naitirojin. Wannan mataki, da ake kira SSP, tsuntsu biyu yake jifa da dutse ɗaya: yana korar sinadaran da suka shige, yana kuma sake haɗa sarƙoƙi IV ya hau. Kamfanoni irin su Starlinger da Erema na Ostiriya, da Krones na Jamus, da Polymetrix na Suwizalan su ne sanannu wajen ƙera irin waɗannan na'urori. Jari ne mai yawan gaske, ba abin da ake kafawa a bayan shago ba.

Ta yaya ake sanin na'ura tana yin aikin? Ba a jira a ci karo da gurɓatacciyar gora. Da gangan ake gurɓata ɓarza da zaɓaɓɓun sinadarai masu wakiltar nau'o'in guba daban-daban, masu saurin tashi da masu nauyi, irin su toluwin da kulorobenzin da benzofinon. A tsarin FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ana jiƙa robar a cikinsu mako biyu a zafin digiri 40. Sannan a bi da ita ta cikin na'urar, a auna abin da ya saura. Idan na'urar ta rage su zuwa ƙasa da iyakar da aka gindaya, FDA tana ba da takardar da ke nuna ba ta da ja a kan tsarin. A Turai hukumar kula da lafiyar abinci, EFSA, ce take tantance tsarin, a ƙarƙashin doka mai lamba 2022/1616 wadda ta maye gurbin ta 2008. Ka lura, tsarin sarrafawa ake bai wa shaida, a kan takamaiman zafi da lokaci da matsin iska, ba buhun roba ba. Dalilin a fili yake. Gora ɗaya mai guba a cikin dubbai ba lallai ta faɗo cikin samfurinka ba, kuma ɗakin gwaje-gwaje abin da aka ce ya nema shi yake nema. Sakamako mai kyau a kan kilo ɗaya bai wanke tan ashirin ba.

Akwai wani abu da nake so duk mai wannan sana'a a ƙasarmu ya yi tunani a kai. EFSA ta gina lissafinta a kan zaton cewa gurɓatar da ke cikin robar da aka tattaro ba ta wuce miligiram 3 a kowane kilo ba, kuma gorunan da ba na abinci ba ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba. Waɗannan lambobi daga yanayin Turai aka samo su. A Jamus tun 2003 ake karɓar kuɗin ajiya a kan gorar abin sha, santi 25 na kuɗin yuro, mutum ya mayar da gora a ba shi kuɗinsa, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 suna dawowa, akasari ba a zuba musu komai ba bayan abin shan farko. Mu kuwa ka san rayuwar gora a wurinmu. Bayan ruwa ta ɗauki zoɓo ko kunun aya, ta ɗauki man ja ko man gyaɗa, ta je hannun mai maganin gargajiya, ta je wurin 'yan bumburutu, wata a zuba mata fiya-fiya, wata baƙin mai a garejin makanikai, wata ta kwana wata uku a kwata kafin mai jari-bola ya tsamo ta. Ba laifin kowa ba ne, mutanenmu ba sa zubar da abin da ke da sauran amfani, kuma masu tsintar nan aikin da suke yi wa gari ba ƙarami ba ne. Amma ma'anarsa ita ce robarmu tana iya isowa masana'anta da gurɓatar da ta fi wadda aka ƙera na'urar dominta. Saboda haka ko kamfani ya nuna maka takardar FDA ko ta EFSA, ka ƙara tambaya: daga ina kuke samun gorunanku, wa yake tsince masu wari da masu maiƙo da waɗanda suka sha wuta, kuna da na'urar tantancewa da haske ko da hannu kawai ake yi? Kamfanin da yake saye kai tsaye daga otal-otal da wuraren biki da gidajen abinci, yana ƙara wa masu tattarawa kuɗi a kan gora mai tsabta, ya fi kwanta mini a rai.

A Najeriya an halatta amfani da rPET wajen zuba abinci da abin sha, amma bisa sharaɗi. Hukumar SON ta fitar da ma'auni mai lamba NIS 1125 a 2019 musamman don wannan. Kai kuma rajistar ruwanka da lemonka a hannun NAFDAC take, kuma mazubi yana cikin abin da ake dubawa. Kafin ka sauya irin firifom ɗin da kake amfani da shi, ka tuntuɓe su a rubuce. Sunanka da lambarka ne a jikin gora, ba na dillali ba.

Takardun da za ka nema daga mai sayarwa ba su da yawa. Sunan masana'antar da ta yi tsabar rPET ɗin da inda take. Shaidar tsarin tsabtacewarta da shaidar bin ma'aunin SON. Takardar sakamakon gwaji ta kowane lodi, mai ɗauke da lambar lodin da ta yi daidai da wadda ke jikin buhu ko kwali, tana nuna IV da launi da danshi da ƙidayar baƙin ɗigo da asetaldihaid. Wannan na ƙarshen sinadari ne da PET take haifarwa da kanta idan ta sha zafi, ko sabuwa ce, yana sa wa ruwa ɗan ɗanɗano mai zaƙi-zaƙi kamar na 'ya'yan itace. A lemo ba a cika jin sa ba, a ruwa kuwa kaɗan ma harshe yana kamawa. A tsaba ana son ya gaza ppm 1, a firifom ɗin ruwa kuma 'yan ppm kaɗan, yawanci kada ya wuce 4. Sai rahoton gwajin abin da ke fita daga gora ya shiga abin sha, wanda aka yi a kan gorar da aka gama. A dokar Turai mai lamba 10/2011 jimillar abin da ke fita kada ta wuce miligiram 10 a kowane murabba'in desimita na jikin roba, antimoni kuma, ƙarfen da ake amfani da shi wajen haɗa PET tun asali, kada ya wuce miligiram 0.04 a kilon abinci. Ka nemi a haɗa da benzin da limonin. Limonin ƙamshin lemo ne da tsohuwar gora take tsotsa, ba guba ba ne, amma idan ya saura da yawa ya tona asirin cewa tsabtacewar ba ta yi nisa ba.

Farashi ma shaida ne. Tattarawa da tsinta da wanki da SSP duk kuɗi ne da wutar lantarki, kuma daga dilar gora zuwa tsaba ana asarar kaso mai yawa na nauyi. A Turai, inda doka ta wajabta kashi 25 cikin 100 na rPET a gorunan abin sha na PET daga 2025, da kashi 30 a duk gorunan roba na abin sha daga 2030, rPET ta abinci sau da yawa tana kai farashin sabuwar roba, har ta wuce. Idan aka kawo maka wadda ta faɗi ƙasa warwas aka ce ta abinci ce, akwai matakin da aka tsallake, kuma mataki mafi tsada shi ne wanda yake kare mai sha.

Idan ka samu masana'antar da ta cika sharuɗɗan nan, kada ka afka gaba ɗaya. Ka fara da firifom mai kashi 10 zuwa 25 cikin 100 na rPET, ka hura shi gefe da gefe da wanda ka saba. Za ka ga yana ɗaukar zafin fitilun injin hurawa da sauri saboda ɗan duhunsa, sai an daidaita. Ka ɗaga firifom a haske ka nemi hazo da kumfa da ɗigo. Ka yanka gora gida uku ka auna kafaɗa da ciki da gindi, ka ga ko roba ta rabu daidai. Ka cika wasu ka sake su daga tsayin kafaɗa a kan siminti, ka jera katan-katan kamar yadda ake jerawa a sito ka ga ko na ƙasa sun lanƙwashe. Na lemo ka ajiye su a zafin digiri 38 na awa 24 ka duba kumburi da gindi, ka kuma sa a yi musu gwajin matsi har su fashe. Na ruwa ka ajiye su a wuri mai ɗumi kwana 10, ka ba mutane su ɗanɗana tare da ruwan gorar sabuwar roba ba tare da sun san wanne ne wanne ba. Ɗanɗano zai iya kayar da roba, amma ba zai iya wanke ta ba. Daga kowane lodi ka ajiye firifom da gora kaɗan da lambarsu da kwanan wata har wa'adin kayan ya ƙare, saboda ranar da ƙorafi zai zo.

Game da dillalinka, ka tambaye shi sunan masana'antar da ta yi tsabar, ka ce kana so ka je ka ga na'urar da idonka. Idan firifom ne da aka buga kai tsaye daga wankakkiyar ɓarza, ko ya kasa faɗin inda aka yi, ka mayar masa da samfurinsa. Ɓarzar tasa ba ta rasa kasuwa ba, idan ta ci gwajin obin tana da masu saye a wurin masu yin zaren cusa matashi da katifa, da igiyar ɗaure kaya, da gorunan sabulun ruwa da man wanke kai.